Shiga ruwan ƙanƙara bayan dogon gudu: yana warware tsamin jiki, ko wahala ce kawai?

Ɗan_Agege:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a harkar gudu. Wata huɗu ke nan ina shirin shiga gasar gudun fanfalaki ta Legas da ake yi a watan Fabrairu, wadda a shekarun baya ake tashi daga babban filin wasa na Surulere, a bi ta gadar Third Mainland, a ƙare a Eko Atlantic. Duk ranar Asabar bayan sallar asuba nakan yi dogon gudu, yanzu na kai kilomita 24, amma Lahadi da Litinin cinyoyina da sha-raɓata sukan yi tsami har ruku'u da sujada su zame mini aiki, ga shi kuma sana'ata ɗinki ce, da ƙafa nake taka keke. Wani abokina ya turo mini bidiyon 'yan wasan Turai zaune cikin baho cike da ƙanƙara, ya ce sirrin ke nan. Da na faɗa wa mahaifiyata sai ta ce kul, wanda ya shiga ruwan sanyi da gumi a jikinsa sanyi zai kama masa ƙashi, ba zai gane ba sai ya manyanta. Shin abin yana da amfani da gaske, kuma idan yana da shi, ruwan tankin gidanmu ya wadatar ko lallai sai na sayi ƙanƙara?

Baban_Zango:
Wa alaikumus salam. Yaro, ka ji maganar mahaifiyarka. Mun buga ƙwallo shekara da shekaru a Kano kafin neman abinci ya kawo mu Ikko, kuma ba mu san wani magani na tsamin jiki ba wanda ya wuce a dafa ruwa, a tsoma tawul a gasa wurin, a bi da man zafi ko man kaɗanya, a kwanta. 'Yan dambe da 'yan kokawa ma haka suke yi tun kaka da kakanni. Turawa a cikin sanyi aka haife su, jikinsu ya saba, mu kuwa ba haka ba ne.

Koci_Surulere:
Baba, Allah ya ƙara girma, gashi da ruwan zafi yana da daɗi kuma ni ma ina yi, sai dai ba na ba da shawarar a yi shi nan take bayan an gama gudu a zafin Legas, domin a lokacin jiki neman hanyar fitar da zafi yake yi. Ɗan_Agege, abin da aka saba yi shi ne ruwa mai sanyin digiri 10 zuwa 15 a ma'aunin Salshiyas, a zauna a ciki daga ƙugu zuwa ƙasa na minti 10 zuwa 15, ba fiye ba. Sanyin yana tsuke jijiyoyin jini na fata da tsoka, yana kuma dusashe saƙon ciwo da jijiyoyi ke kai wa ƙwaƙwalwa, sannan nauyin ruwan da kansa yana matse ƙafafu ya taimaka wa ruwan da ya taru a cikinsu ya koma sama. Yaran da nake horarwa da yawa sukan ce washegari ƙafarsu ta fi sauƙi. Amma kafin mu je ga ƙanƙara ina da tambaya: makon da ya gabaci wannan kilomita 24, nawa ka yi?

Ɗan_Agege:
Kilomita 16 na yi, ranka ya daɗe. Na ga lokaci yana ƙurewa ne shi ya sa na ƙara da yawa.

Koci_Surulere:
To ga babban dalilin tsamin nan. Daga 16 zuwa 24 a mako guda tsalle ne, kuma ko a tekun ƙanƙara ka kwana sai ka ji a jikinka.

Malamin_Fiziks:
Bari in amsa ɓangaren ruwan tanki, domin na taɓa tsoma ma'aunin zafi a namu a Obalende. Da safe na samu digiri 28, da la'asar kuwa, bayan baƙin tankin ya wuni a rana, ya haura 30. Wannan ruwa zai wanke gumi ya sanyaya rai, amma ya yi nisa da digiri 15 da Koci ya ambata. Ga lissafin ƙanƙara ga mai so. Kowane kilo ɗaya na ƙanƙara yana shanye kalori dubu 80 kafin ya narke, sannan ya ƙara shanye dubu 15 kafin ruwan da ya zama ya hau zuwa digiri 15, jimilla dubu 95. Sauke lita 100 daga digiri 28 zuwa 15 kuwa yana buƙatar a cire kalori dubu 1,300. Idan aka raba, ana neman wajen kilo 14 na ƙanƙara, kuma wannan kafin a lissafa zafin da jikin mutum da iskar waje za su ƙara wa ruwan. Saboda haka wanda ya jefa ledar ruwa biyar da ta daskare a cikin baho ya ce ya yi wankan ƙanƙara, kansa ya yaudara.

Mai_Ƙanƙara_Mile12:
Malam ya yi gaskiya, mu da muke sana'ar mun san haka ko ba mu iya lissafin ba. Shawarata ita ce kada a cika babban baho, a sami durom na roba da aka yanke, wanda mutum zai zauna a ciki ruwa ya kai masa cibiya, domin ƙaramin ruwa ƙanƙara kaɗan yake ci. A sayi bulo babba, a fasa shi gida huɗu, kada a farfasa ƙanana tun a kasuwa, in ba haka ba kafin a fita daga cunkoson Ikorodu Road rabi ya zama ruwa. A naɗe shi da buhu. Kuma a sani cewa ƙanƙarar da masu kifi da masu lemo ke saya ba duka aka yi da ruwa mai tsabta ba, don haka wanda gudu ya sale masa yatsu ko ya fasa masa bororo a tafin ƙafa ya bari sai ya warke.

Nas_Idi_Araba:
Kafin a ci gaba da maganar durom da bulo, ina roƙon a saurare ni, domin wannan zaure mutane da yawa ke karantawa ba mai tambaya kaɗai ba. Duk mai ciwon sikila kada ya kusanci wannan abu ko da wasa. Sanyi yana cikin abubuwan da aka fi sani suna tayar da ciwon, saboda tsukewar jijiyoyin da Koci ya ambata a matsayin amfani ita ce ke sa jini ya maƙale wa mai sikila, kuma babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu wannan lalura a duniya. Haka nan mai hawan jini ko ciwon zuciya. A minti na farko da mutum ya shiga ruwa mai tsananin sanyi numfashinsa yakan fizge ba da sonsa ba, bugun zuciya ya ƙaru, jini ya hau, kuma mutane da yawa suna yawo da hawan jini ba su sani ba domin ba su taɓa aunawa ba. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta fara mutuwa ba ya jin zafi ko sanyi sosai, shi ma ya ƙaurace. Ɗan_Agege, ka je a auna jininka tukuna, kuma ranar farko kada ka kulle kanka a banɗaki kai kaɗai.

Baban_Zango:
Kun ji ko? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ga ma'aikaciyar asibiti ta tabbatar da maganar tsohuwa.

Nas_Idi_Araba:
Baba, a yi mini afuwa, rabin maganar na tabbatar. Haɗarin da na lissafa na nan take ne kuma ga wasu mutane ne. Batun cewa sanyi zai shiga ƙashin mai lafiya ya ɓuya sai ya tsufa ya fito, wannan ba haka ciwon gaɓoɓi yake samuwa ba. Shekaru, nauyin jiki, gado da tsohon rauni su ne kan gaba wajen kawo shi. Gaskiya ne mai ciwon gwiwa yakan fi jin ta lokacin hunturu, ina jin daga nan ne iyayenmu suka ɗauki fahimtar, kuma ba su yi laifi ba da suka yi taka-tsantsan.

Mai_Gashin_Ƙashi:
Aikina kula da masu rauni ne ta hanyar motsa gaɓoɓi, kuma wannan tambaya ana yi mini ita kusan kowane mako. Da farko a gyara wani kuskure da ya yaɗu, cewa tsamin jiki sinadarin laktik ne ya taru a tsoka sai ƙanƙara ta kore shi. Wannan sinadari jiki yana kawar da shi cikin kamar awa ɗaya bayan an tsaya. Tsamin da ke zuwa washegari, ya kai ƙololuwa tsakanin awa 24 zuwa 72, ƙananan yagewa ne a zaren tsoka tare da kumburin da jiki ke tayarwa domin ya gyara wurin, kuma ya fi tsanani bayan gangara ko bayan an ƙara nisa farat ɗaya, kamar yadda Koci ya gano.

Game da bincike kuwa, a 2012 ƙungiyar Cochrane mai tantance binciken lafiya ta tattara gwaje-gwaje 17 da suka ƙunshi mutum 366, ta samu cewa shiga ruwan sanyi yana rage jin tsami idan aka kwatanta da zama kawai ba a yi komai ba, amma ta ce gwaje-gwajen ƙanana ne kuma ingancin da yawansu bai taka kara ya karya ba. A 2015 kuma aka wallafa wani bincike daga Ostireliya, inda maza suka yi mako 12 suna ɗaga ƙarfe sau biyu a mako, rabinsu suna shiga ruwa mai digiri 10 na minti 10 bayan kowane atisaye, sauran suna tuƙa keke a hankali. Waɗanda suka shiga ruwan sanyi tsokarsu da ƙarfinsu ba su ƙaru kamar na 'yan keke ba. Ma'ana kumburin nan da muke gudu yana cikin saƙon da ke sa tsoka ta ginu, idan aka danne shi kullum an danne ribar wahalar. Ko likitan Amurka Gabe Mirkin, wanda a 1978 ya yaɗa ƙa'idar hutu da ƙanƙara da ɗauri da ɗaga ƙafa ga wanda ya yi targaɗe, ya dawo a 2014 ya ce ƙanƙara tana iya jinkirta warkewa.

Ɗan_Agege:
'Yar'uwa, yanzu kin sa ni a tsaka mai wuya. Ke nan idan na shiga ruwan, gudun da na sha wahalarsa ya tashi a banza?

Mai_Gashin_Ƙashi:
A'a, bai kai nan ba. Wancan bincike a kan masu ɗaga ƙarfe aka yi shi, kuma abin da aka gani a kan masu dogon gudu da masu tseren keke bai nuna irin wannan asara a fili ba. Abin da nake gaya wa mutanena shi ne a mayar da shi abin buƙata ba abin kullum ba. Idan kana da gasa yau da wata gobe, ko kamar kai da dole ka taka keken ɗinki ranar Litinin, rage tsamin yana da daraja. Ranar da ka yi atisayen ƙarfafa ƙafa kuwa, ka bar jikinka ya yi aikinsa.

Bajoshe_a_Apapa:
Ni ina da ja a kan wannan al'amari gaba ɗaya. A Jos na tashi, na yi gudu tare da yaran Pankshin da ke lashe gasanni a ƙasar nan, ban taɓa ganin ɗayansu ya sayi ƙanƙara ba. Abinci, barci, da fita da sassafe, shi ke nan. Na san za a ce Paula Radcliffe 'yar Birtaniya, wadda ta kafa tarihin duniya na mata a gudun fanfalaki da awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 25 a Landan a 2003, an san ta da wankan ƙanƙara, amma ita tana da likitoci da masu tausa da lokacin barcin rana, don haka ba wanda zai iya ware ya ce ƙanƙarar ce ta kai ta. Mu nan mutum zai kwana yana fama da sauro da ƙarar janareta, ya tashi bai karya ba ya yi kilomita 20, sannan ya ɗauki kuɗin ƙwai da wake ya ba mai ƙanƙara. An bar jaki ana dukan taiki.

Mai_Ƙanƙara_Mile12:
Malam Bajoshe, kana neman ka kashe mini kasuwa ke nan, amma ba zan musa ba, wanda bai ci ya ƙoshi ba ya fara da mai shayi kafin ya zo wurina.

Malamin_Fiziks:
Maganar Bajoshe ta tuna mini da wani gwaji da aka yi a Melbon ta Ostireliya aka wallafa a 2014, wanda nake ba ɗalibaina misali da shi. An raba mutane uku bayan atisaye mai tsanani: wasu ruwan sanyi, wasu ruwa mai ɗumin jiki, wasu kuma wannan ruwa mai ɗumi amma aka zuba masa sabulun wanka na ruwa aka ce musu wani sabon magani ne mai warware gajiya. 'Yan sabulun sun farfaɗo daidai da 'yan ruwan sanyi, kuma duka biyun sun fi waɗanda ba a gaya wa komai ba. Wato yarda da abu tana da nata kaso. Wannan bai sa na ce ƙarya ne ba, domin idan mutum ya ji sauƙi to ya ji, sai dai ya sa ina ganin tawul ɗin Baba da ruwan sanyin Koci wataƙila sun fi kusa da juna fiye da yadda masu su suke zato.

Uwar_Biyu_Ijora:
Ina bin muhawarar tun safe, kuma ina ganin an manta da abin da ya fi tsamin cinya haɗari a garin nan, wato zafi. A wata gasa da na shiga bara, wani matashi da ke gabana ya fara tangaɗi kamar mai maye, yana magana ba kan gado, sannan ya zube. Mutane suka taru suna yi masa fifita da kwali, wani yana ƙoƙarin ɗura masa lemo alhali ba ya cikin hayyacinsa. Allah ya kawo wata likita cikin masu gudun, ta sa aka kwashe ruwan leda mai sanyi da ƙanƙarar masu sayar da lemo aka riƙa kwarara masa a jiki duka har motar asibiti ta iso. Daga baya na ji ya tashi. Tun ranar na daina kallon ruwan sanyi a matsayin kayan gayu na 'yan wasa.

Nas_Idi_Araba:
Hajiya, Allah ya saka da alheri da kika kawo wannan. A nan babu saɓani tsakanin masana ko kaɗan. Idan zafin cikin jiki ya haura digiri 40 mutum ya rikice, tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara shi ne magani mafi sauri, kuma ƙa'idar ita ce a sauke zafin cikin minti 30 na farko, a fara sanyaya shi a wurin kafin a ɗauke shi. Ruwa yana janye zafi daga jiki fiye da iska sau ashirin da wani abu, shi ya sa fifita ba ta isa, balle a Legas inda iska ke cike da laima, gumi ya tsiyaya kawai ba ya bushewa, alhali bushewarsa ce ke sanyaya mutum. Kuma kada a ɗura wa wanda ya fita hayyacinsa komai a baki. Sai dai a bambanta: wancan ceton rai ne, abin da Ɗan_Agege ke tambaya kuwa jin daɗin ƙafa ne.

Koci_Surulere:
Wannan ya dawo da mu kan ruwan tanki, kuma a nan zan ɗan saɓa wa Malamin_Fiziks. Lissafinsa daidai ne, ruwa mai digiri 28 ba zai yi wa tsoka abin da mai digiri 12 zai yi ba. Amma jikin wanda ya gama kilomita 24 a Agege ya fi wannan ruwa zafi da digiri goma ko fiye, don haka idan ya huta minti goma a inuwa, ya sha ruwa, numfashinsa ya daidaita, sannan ya zauna cikin ruwan rijiya ko ya yi ta kwarara shi a ka, zafin jikinsa zai sauka, zai iya cin abinci, zai iya barci. A wurina rabin abin da yarana ke kira farfaɗowa wannan ne. Abu ɗaya da zan ƙara: ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai taɓa shiga ƙanƙara ba kada ya fara ranar gasa, lokacin da ya ƙare kilomita 42 jiri na ɗibarsa.

Bajoshe_a_Apapa:
Koci, a kan wannan mun haɗu. A Jos ruwan randa lokacin hunturu ya ishi kowa, a nan kuwa na sayi randa na ajiye, ruwan ya ƙi yin sanyi, sai yanzu da Nas ta yi bayanin laima na gane dalili.

Ɗan_Agege:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga abin da ya faru tun bayan rubutuna na farko. Na je an auna jinina lafiya lau, kuma nau'in jinina AA ne, wato ba ni da sikila. Ranar Asabar na koma kilomita 19 kamar yadda Koci ya nuna, na sayi bulo ɗaya na zuba a rabin durom, ƙanena yana tsaye da agogo. Minti na farko na ji kamar ana soka mini allurai, na kusa fitowa, daga baya ƙafafun suka yi shiru, na cika minti goma. Ranar Litinin na taka keke ba tare da cije baki ba. Matsalar ita ce ban san wanda zan gode wa ba, ƙanƙarar ko rage nisan, tunda rana ɗaya na yi su. Mahaifiyata kuma da ta ji labari ta aiko mini da man zafi da citta, ta ce in shafa in sha, na kuwa yi.

Malamin_Fiziks:
Ka canja abu uku a lokaci guda ke nan, har da cittar. Asabar mai zuwa ka maimaita kilomita 19 ɗin a kan hanya ɗaya, ka bar ƙanƙarar, ka rubuta yadda ka ji Lahadi da Litinin, sai mu kwatanta.

Baban_Zango:
Idan za a yi gwajin a yi shi da adalci. Asabar ta uku a ba tawul da ruwan zafi nasu ranar, amma da daddare bayan jiki ya huce kamar yadda Koci ya ce, kuma man kaɗanyar ni zan aiko da shi daga Zango.

Uwar_Biyu_Ijora:
Ni tambayata ga Mai_Gashin_Ƙashi ce. Gwaje-gwajen nan na Ostireliya da aka ambata na lura duka a kan maza aka yi su. Mu mata da muke gudu, minti goman nan da digirin nan haka za mu ɗauka, ko akwai bambanci? Ina tambaya ne domin ni ko ruwan firiji na riƙe a hannu sai yatsuna su yi fari su mutu na ɗan lokaci.

Mai_Gashin_Ƙashi:
Hajiya, kin lura da kyau, maza ne suka fi yawa a irin waɗannan gwaje-gwaje. Amma yatsun da ke yin fari su mutu saboda sanyi alama ce ta wata lalura ta tsukewar ƙananan jijiyoyin jini, wadda ta fi yawa ga mata, kuma mai ita ba a ba ta shawarar shiga ƙanƙara. Ki nuna wa likita hannun, kafin nan ki tsaya a ruwan rijiya.